Kama da wane ba ta wane: wonil da bishiyoyi huɗu masu kama da ita, wacce ta dace da gidanka?

Hoto ɗaya ne ya jawo duk wannan dogon bayani. Wata Asabar na ɗauki yara a ƙarƙashin wata bishiya a bakin kogin Swan, a nan birnin Perth na yammacin Ostireliya, na tura wa 'yan gida. Kowa sai sa wa yara albarka yake yi, ana cewa sun girma, ban da yayana da ke gini a Kano. Shi bishiyar kawai ya gani. Sai ga saƙon murya: "Kai, wace irin bishiya ce wannan, ta zubo da gashi kamar an tsefe wa amarya kai? In za ka zo ka taho min da irinta, a ƙofar gida zan sa." Na ce, "Yaya, ka ba ni kwana biyu. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya."

Abin da na tattara masa ne nake shimfiɗawa a nan, don na lura ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya ga bishiya mai rassa a sunkuye sai ta shiga ransa, kuma akwai guda biyar da in ka hango su daga nesa za ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sai an matsa kusa ake ganin bambanci. Wata tana son gindinta cikin ruwa, wata kuwa ruwan ne ajalinta. Wata za ta bar maka katangarka lafiya, wata sai ta ɗaga daɓen tsakar gida.

Ita wace ce

A littattafan lambu Turawa na rubuta ta da willow myrtle, mutanen Perth kuwa peppermint kawai suke cewa. A wurin masana sunanta Agonis flexuosa. Su kuma Noongar, masu wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, wonil suke ce mata, kuma shi zan riƙe don ya fi zama a bakin Bahaushe.

Asalinta wani ɗan siririn yanki ne a kudu maso yammacin Ostireliya, daga wajen Perth a bi gaɓar teku a zagaya kudu har wajen Bremer Bay. A can take fitowa da kanta, a kan tudun yashi da wuraren da ke da dutsen farar ƙasa, sau da yawa a ƙarƙashin manyan itatuwan turare da ake kira tuart. Ba baƙuwa ba ce ƙwarai a wurinmu, domin danginsu ɗaya da gwaiba, da kanumfari, da malmo na bakin rafi, da ita kanta bishiyar turare.

Tsawonta yawanci ba ya wuce mita 10, ko da yake wadda ta sami wuri mai daɗi takan kai 15. Ganyenta siriri ne dogo, yakan kai santimita 15, ba ta kuma kaɗe shi gaba ɗaya, rani da damina tana nan kore. In ka murza ganyen a tafin hannu, ƙamshin na'ana'a ne zai bugi hancinka, irin mai ratsawar nan na alewar TomTom. Ran da aka yi zafi sosai ba sai ka murza ba, iska ma kawo maka shi take yi. Noongar sun daɗe suna shaƙar murzajjen ganyen in hanci ya toshe. Tsakanin Agusta da Disamba take fure, ƙanana farare, a jere curi-curi a jikin reshe kamar an yayyafa mata gari.

Mutanen nan suna ji da ita. Unguwar masu hannu da shuni da ake kira Peppermint Grove daga ita ta sami suna. A garin Busselton kuma, kimanin kilomita 220 kudu da Perth, akwai wata 'yar dabbar dare mai wutsiya a naɗe, Noongar na ce mata ngwayir. Ganyen wonil ne tuwonta, a rassanta take saƙa sheƙa, kuma tana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. A can sare tsohuwar wonil ba ƙaramar magana ba ce.

Gindin da ba a gani a hoto

Abin da hoto ba ya nunawa, kuma mai sayar da dashe ba ya faɗa, shi ne gindi. In ka ga wonil a leda ko a tukunya, siririya ce kamar sandar makiyayi, sai ka ce ko a lungu za ta zauna. Ka ba ta shekara ashirin zuwa talatin. Tsawon ba zai ba ka tsoro ba, amma kututturen zai yi kaurin da bai dace da tsawon ba, har ya kai mutum ɗaya ba ya iya rungume shi, saiwoyi kuma su yi ta kumbura a saman ƙasa.

Ni ma sai da na faɗa ramin. Shekarar da muka tare a gidanmu na sayo 'yar dashe a wani wurin sayar da tsirrai. Takardar da aka rataya mata ta ce ta dace da ƙaramin lambu, ni kuma ban tambayi kowa ba, na haƙa rami taku biyu daga katanga na dasa. Ina cikin ba ta ruwa sai maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, ya leƙo ta saman shinge. Bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi in ina da minti biyar in zagayo in ga wani abu.

A bayan gidansa akwai wonil da masu gidan na farko suka dasa. Inuwa kam sai wanda ya gani, a ce a shimfiɗa tabarma a kwana. Amma jan bulon da aka shimfiɗa a ƙasa duk ya tashi, ya yi tudu da kwari kamar kunyar dankali, shingen da ke kusa ya karkace. Ya kama hannuna ya ɗora a inda kututturen ya rabu biyu, daidai ƙirjina. Akwai tsaga a wurin, yatsuna uku suka shige, cikinta da danshi da ruɓaɓɓen ganye. Ya ce tun tana ƙarama ya kamata a cire ɗaya daga cikin kawunan biyu, ba a yi ba, yanzu duk lokacin da iskar hunturu ta taso da dare ba ya barci sosai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da sanyi ya shigo na tone tawa na mayar da ita tsakiyar fili.

Don haka shawarata ga mai son cikakkiyar wonil: ya bar mita 4 zuwa 5 tsakaninta da gini, da katanga, da bututun ruwa. Ya kuma zaɓar mata kai ɗaya tun tana ƙarama ya datse sauran, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya sani kuma ciyawar ado ba ta yin kirki a ƙarƙashinta, inuwar ta yi duhu, saiwoyin kuma sun riga ta shan ruwa. Shara kuwa kullum akwai, ba mai yawa ba, amma siraran ganyen nan suna maƙalewa a tsakanin bulo, tsintsiya ba ta kwashe su da daɗi.

Ba yawan ruwa ba, lokacin zuwansa

Nan ne maganar Yaya ta tsaya. Ruwan da Perth ke samu a shekara milimita 700 ne da 'yan kai, wanda bai yi nisa da na Kano ba. Wanda ya tsaya a lissafi zai ce ai shi ke nan, ƙasa ɗaya ce. Amma a Perth damina da hunturu tare suke zuwa. Daga Mayu zuwa Satumba ake ruwa, ana ruwa ana sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma zafi ne ƙurmus, sama ba ta ɗigo, sai iskar teku da ke tasowa da rana ta sanyaya gari. Da wannan tsari jikin wonil ya saba: ta sha ruwa cikin sanyi, a ƙasa mai yashi da ba ta riƙe shi, ta yi zafi gindinta a bushe, iska mai gishiri na kaɗa ta ba ta damu ba.

Shi ya sa ta zama bishiyar gefen titi a nan. A Perth kwana biyu kacal a mako aka yarda ka kunna na'urar fesa ruwa a lambu, daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta kuma an hana gaba ɗaya. Bishiyar da za ta rayu da wannan rabo ita ake nema, wonil kuwa in ka raine ta zafi biyu na farko, ta kama ƙasa ke nan. Amma kar a ɗauke ta bishiyar hamada. A farin da aka yi daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da dazuzzukan kudu maso yamma suka yi ja, na ga na gefen titi da dama sun bushe daga sama.

Yanzu juya lissafin zuwa ƙasar Hausa. Ruwanmu cikin zafi yake zuwa, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa ta jiƙe ta ɗumama, wanda shi ne yanayin da saiwar irin waɗannan itatuwa ke ruɓewa. Daga nan wata bakwai ko takwas ba ɗigo, hunturu ya busar da komai, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, ba teku kusa balle iskarsa. Ga gara, wadda duk mai dashen turare ya san aikinta a kan ƙananan dashe. Lokacin da take son ruwa babu, lokacin da take son bushewa ga ruwa. Jos da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200 tana da sanyin, amma ita ma daminarta doguwa ce mai laima.

Inda wonil ke jin daɗi a wajen gida su ne wurare masu irin yanayin Perth: gaɓar Kaliforniya, inda ta daɗe a titunan San Francisco da San Diego, da Adelaide, da yankin Cape Town, da gaɓar Bahar Rum. Sanyi mai daskarar da raɓa kuma ba ta jure shi. In awo ya sauka digiri 3 ko 4 ƙasa da sifili ganye zai ƙone, ƙaramar dashe ma tana iya tafiya. Wanda ke Ingila ko Kanada sai dai tukunya, a shigar da ita ɗaki in sanyi ya yi tsanani.

Wilo ta ainihi

Wannan ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ita ce willow ta Turawa, wato Salix babylonica, wadda ake gani a hotunan bakin tafki, kuma da ita ake kwatanta duk sauran. Sunan Babila da masanin tsirrai Linnaeus ya laƙaba mata a 1753 kuskure ne, asalinta arewacin ƙasar Sin. Ta fi wonil saurin girma nesa ba kusa ba, ta fi ta tsawo, tana kaiwa mita 20, ta kuma fi ta jure sanyi. Amma mashayiya ce. Saiwarta na bin danshi duk inda yake, in ta sami 'yar tsaga a bututu ko sokawe sai ta shige ta cika shi. Tana kaɗe ganye da sanyi, rassanta masu saurin karyewa ne, ba ta kuma daɗewa a duniya. A Ostireliya yawancin danginta an sa su cikin jerin tsirrai masu ɓarna saboda yadda suke toshe rafuka, ko da yake ita ba ta cikin jerin. Mai gona da tafki ko rafi a ƙasa mai sanyi, bismilla. Mai fuloti ɗaya ya manta da ita.

Masoron Peru

Schinus molle ke nan, 'yar tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, dangin mangwaro da yazawa. Ganyenta tsaga-tsaga ne, macen kuma tana zubo da 'ya'ya ja-ja masu haske kamar tsakiya, masu ƙamshin masoro. Wajen jure fari da zafi ta fi wonil, shi ya sa ake ganinta a Habasha da Kenya da arewacin Afirka, kuma tun 1830 aka dasa ta a Kaliforniya. Tana girma da sauri, tsohuwarta kuma tana da kyan gani, kututture duk ƙulli-ƙulli.

Ni dai ba na ba da shawararta a cikin gida. Duk laifin da na lissafa wa wonil na gindi da saiwa, nata ya ninka. Tana zubar da shara ba hutu, ruwan jikinta na sa wa wasu ƙaiƙayi, tsuntsaye kuma na kwasar irin su watsa a daji, har ta zama abin yaƙi a Afirka ta Kudu da wasu sassan Ostireliya. Bishiyar babban fili ce, makaranta ko bakin hanyar gona, inda ba ta da abin fasawa.

Wilga, mai haƙuri

Wannan ce mutane suka fi rikitawa da wonil, don in ba fure sai ka murza ganye kafin ka bambance. Sunanta Geijera parviflora, kuma ba danginsu ɗaya ba ko kaɗan, ita 'yar gidan lemo ce. Asalinta cikin ƙasa ne a gabashin Ostireliya, nesa da teku, wuraren kiwon tumaki masu ƙarancin ruwa. Makiyayan can suna sara wa dabbobi ganyenta lokacin fari, kamar yadda namu ke yi da gawo. A makiyaya za ka ga ƙasan rassanta a daidaice kamar an sa almakashi, alhali tumaki ne suka ci iya inda bakinsu ya kai.

In aka jera ta da wonil, ta yi nasara a wurare uku. Saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta cika ɗaga daɓe ba. Ta fi jure zafin cikin ƙasa da sanyin dare. Rassanta kuma sun fi ƙwari, shararta kaɗan ce. Shi ya sa a Kaliforniya da Arizona ake sa ta kusa da gini da wurin ajiye motoci. Inda ta faɗi shi ne sauri. Wilga ba ta gaggawa, wanda ya dasa ta yana neman inuwa nan da shekara biyar zai yi ta duban sama. Irinta ma da ƙyar yake tsirowa, don haka dashenta ba ya samuwa ko'ina. Furenta ba abin nuna wa baƙo ba ne, ƙamshin ganyen kuma bai kama ƙafar na wonil ba. Ƙasa mai riƙe ruwa ita ma ba ta so.

Da a ce gidana na cikin ƙasa ne, nesa da iskar teku, kuma filin ƙarami ne, wilga zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Burushin kwalba, kishiyar gaske

Duk waɗancan ukun kowacce da inda take faɗuwa. Wadda ke iya tsayawa da wonil ƙafa da ƙafa ita ce burushin kwalba mai sunkuyawa, Callistemon viminalis, wadda wasu masana suka mayar cikin Melaleuca. 'Yar'uwarta ce ta jini, amma tarbiyyarsu daban. Ita a gabas ta tashi, a bakin rafukan Queensland da arewacin New South Wales, inda ake ruwa cikin zafi kamar namu, rafi ya cika ya shanye gindinta kwana da kwanaki, ya janye ya bar ta a bushe. Abin da zai kashe wonil ita wasa ne a wurinta. Wannan ne ya sa ta bazu a ƙasashe masu zafi, daga Indiya zuwa gabashin Afirka, har a wurin masu sayar da fulawa a Najeriya ana samunta.

Wajen fure ba a haɗa su. Nata ja ne jawur, dogo, sak burushin wanke fidar jarirai, yana lilo a ƙarshen reshe, tsuntsaye masu shan zaƙin fure da ƙudan zuma ba sa barin wurin. Na wonil sai ka matso. Wajen girma kuma ta fi dacewa da gidajen yanzu: tsawonta mita 6 zuwa 8 ne galibi, gindinta ba ya yin ƙiba irin ta wonil, tana karɓar aski yadda ake so. Akwai nau'o'i da aka tace, irin su Hannah Ray da Dawson River Weeper masu zubowa sosai, da Little John da ba ya wuce ƙugu. A titunan Perth ma akwai wata 'yar'uwarta da ake ji da ita, Kings Park Special, wadda aka samo a babban lambun birnin.

To me ya rage wa wonil? Inuwa da kwarjini. Inuwar burushin kwalba shara-shara ce, ta kujera ɗaya ko biyu, ba ta taron suna ba. In ba ta fure kuma ba ta da wani fasali, takan yi buzu-buzu, busassun ƙwayoyin iri manne a rassa, sai an bi ta da almakashi bayan kowane fure. Wonil ko ba fure kyakkyawa ce, kuma tana ƙara kyau da tsufa. A bakin teku mai iska da gishiri, a kan yashi da farar ƙasa, wonil ta fi ta nisa, domin burushin kwalba kan yi rawayan ganye a irin wannan ƙasa, ga son ruwa. Jajayen zaren furen nan kuma in suka zuba kan mota ko farin tayil bayan yayyafi, mai wanki ne zai ba da labari. Ita ma 'yar bakin rafi ce, kar a manna ta da sokawe.

Ciwon da ya kamata a sani

Akwai wata cuta da ake kira tsatsar dangin gwaiba. Asalinta Kudancin Amurka, a jikin gwaiba aka fara gano ta a Brazil. Alamarta ba ta ɓuya: sabon toho ya fito da ƙuraje masu gari rawaya shar kamar garin ɗorawa, ganye ya murɗe, kan reshe ya mutu. Karon farko da aka gan ta a Ostireliya, a watan Afrilun 2010, a wata gona ce arewa da Sydney, kuma a jikin wonil aka gan ta, nau'in After Dark. Daga nan ta bi gaɓar gabas. A 2013 aka same ta a Afirka ta Kudu.

Cutar na son ɗumi da laima, ganye ya kwana a jiƙe. Wannan ya ƙara nuna inda bai kamata a kai wonil ba, domin tana cikin waɗanda suka fi rauni a gabanta. Burushin kwalba ma tana kamuwa, sai dai ta fi ta juriya. Wilga da wilo da masoron Peru ba ruwansu, ba danginsu ba ne. Jihar Yammacin Ostireliya ta hana shigo da tsirran wannan dangi daga gabas saboda ita. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban ɗauki maganar cusa dashe a jaka in kai Kano da wasa ba. Ban da dokar killace tsirrai ta ƙasashen biyu, akwai gonakin gwaiba na mutane.

In ka tsaya a kan wonil, wacce daga ciki?

Ta asali, koriya, ita ce mai cikakkiyar sunkuyawa da inuwa, ita ce kuma mai buƙatar fili. After Dark ganyenta ja ne mai duhu har ya kusa baƙi, kamar zoɓo da ya ji jiƙo. Ita ta fi tsada a ido, tsawonta wajen mita 5 zuwa 6, amma tana da nawa wajen girma, ba ta zubowa kamar uwar, kuma a inuwa launin yakan koma kore-kore. Ana sayenta don launi, ba don inuwa ba. Burgundy tsaka-tsaki ce: sabon toho ja, in ya ƙosa ya koma kore, siffarta kuma ta fi kusa da ta asali. Nana kuwa ba bishiya ba ce, kurmi ce da ba ta cika wuce mita 2 zuwa 3 ba, ta shinge ko babbar tukunya. Mai ƙaramin gida da ƙamshin ne ya ja shi, Nana ta ishe shi, ba fasa daɓe ba rigima da maƙwabci.

Abu ɗaya: waɗannan nau'o'in ta yankan reshe ake yaɗa su. In ka tara irin After Dark ka shuka, kar ka yi mamaki in koriya ta fito.

Dashen kansa ba wuya. A farkon ruwan sanyi ake yi, wato Mayu ko Yuni a Perth, don saiwa ta kama kafin zafi. Rami ya fi tukunya faɗi sau biyu amma kar ya fi ta zurfi. Yashin nan yana da wani hali, in ya bushe ruwa ba ya shigarsa, sai ya tsaya a sama yana gangarewa kamar an zuba a ganyen gwaza, don haka ana haɗa shi da ɗan yumɓu da ruɓaɓɓen taki, a zuba maganin da ke sa yashi shan ruwa. A rufe gindin da ɓawon itace amma kar ya taɓa jikinta. Ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafin kullum. Turke kuma a ɗaure shi sako-sako, a cire bayan shekara.

Abin da na ce wa Yaya

Na ce masa wonil ba ta Kano ba ce, ko na kawo wahala zai saya. In inuwa yake nema ta gaske, darbejiya da mangwaro ba su gaza ba. In tsawo da tsari yake so a jikin katanga, ga siririyar nan 'yar Indiya mai ganye a sunkuye da ta cika gidajen Abuja da Kaduna, sai dai ba ta da inuwar da za ta rufe ko akuya. In kuwa zubowar nan ce ta hoto ta kama shi, ya nemi burushin kwalba wurin masu fulawa, ya tabbatar mai sunkuyawa ce ba mai miƙewa ba, ya dasa in damina ta zauna, ya sa ido kan gara, ya kuma san cewa da rani sai ya ba ta ruwa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ita mai ƙamshin fa?" Na ce sai dai in ya zo ya zauna a inuwar tawa.

Cikin watan Yuli ya turo hoto. Dashe biyu a ƙofar gida, an kewaye kowacce da ragowar bulo saboda awaki, ƙasa a jiƙe, har ɗaya ta fara jan toho. Na buɗe hoton da yatsa biyu na duba da kyau. Ta hagun taku ɗaya ne tsakaninta da murfin sokawe. Ban tsaya rubuta saƙo ba, kiransa na yi.